Maɗaba'ar da Ta Ƙi Ɗora Baffana a Kan Mulki

Baffana, ƙanin mahaifina, ya yi shekara 35 yana aikin gwamnatin tarayya. Ya fara daga ƙaramin akanta har ya kai darakta mai kula da harkokin kuɗi a wata ma'aikata a nan Abuja, sannan ya ajiye aiki kamar yadda ƙa'ida ta tanada ga wanda ya cika shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa. Bai cika wata shida a gida ba sai Sarkin garinmu ya aiko cewa ya ba shi sarautar Ma'aji. Da dangi suka zauna rabon hidima, wasu suka ɗauki abinci, wasu rumfuna da kujeru, wasu dawaki da makaɗa, ni kuwa aka ɗora mini abin da kowa yake ganin ya fi sauƙi, wato buga katin gayyata guda 300, da ɗan littafin jadawalin biki mai ɗauke da tarihin Baffa, da allon girmamawa na katako mai fuskar tagulla wanda 'ya'yansa za su miƙa masa a gaban jama'a. Wannan hidima ce ta kai ni wata maɗaba'a a Garki, wadda wani abokin aikina ya yi mini kwatancenta, yana cewa idan aikin Hausa ne, kada in kai shi ko'ina sai can.

Wurin ba shi da kyan gani, kuma gara mai zuwa ya san haka tun daga gida. Yana hawa na biyu a wani tsohon rukunin shaguna da kusan kowace ƙofa ta masu buga takardu ce. Filin ajiye mota ƙunci gare shi, matakalar benen duhu ce, kuma tun daga ƙasa 'yan kamasho za su tare mutum kowa yana jan sa zuwa shagon ubangidansa. Ciki ɗaki biyu ne: na gaba mai kwamfuta uku da benci ɗaya na masu jira, na baya kuma inda injuna suke, daga can ƙarar janareta da warin tawada suke fitowa. Mai wurin mutum ne mai fara'a, ba ya cika baki, kuma wata matashiya ce take tsara zane a kwamfuta, hannunta da sauri ƙwarai. Sai dai abin da ya raba wannan maɗaba'a da maƙwabtanta yana can lungu, kusa da taga: wani dattijo mai farin gemu, wanda ya yi rayuwarsa a aikin fassara kafin ya huta, yana zaune da jan biro da tabarau. Dokar gidan ita ce, babu rubutun Hausa da zai shiga inji sai Malam ya karanta shi daga farko har ƙarshe, kuma ba a ƙara wa mai aiki ko kwabo saboda wannan.

Na miƙa masa tarihin Baffa ina da yaƙinin cewa waƙafi ɗaya ko biyu kawai zai gyara. Bai wuce sakin layi na biyu ba ya tsaya, ya zagaye kalma ɗaya da jan biro, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Jimlar tana cewa Baffa «ya shafe shekara 35 yana riƙe da mulki a ma'aikatu daban-daban».

Ya ce, «Ɗana, baffan nan naka soja ne da ya ƙwace ƙasa, ko kuwa zaɓensa aka yi?»

Na ce, «A'a Baba, akanta ne.»

Ya ce, «To, ai bai riƙe mulki ba. Muƙami ya riƙe, yanzu kuma za a ba shi sarauta. Abu uku ne, kada ka cuɗa su a gaban Sarki, fadawa su yi maka dariya.»

Na zo da niyyar yin minti ashirin, na tashi bayan sallar La'asar. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin da ya sa nake yaba wa wannan wuri, don haka zan tsaya a kansa fiye da yadda aka saba a irin wannan sharhi.

Mulki kalmar Larabci ce, daga saiwa mai haruffa uku, mim da lam da kaf, kuma tushen ma'anar saiwar shi ne abu ya zama naka. Daga gare ta Larabawa suka fitar da malik, wato sarki, da mamlaka, wato ƙasar da yake sarauta, kamar yadda yake a cikakken sunan ƙasar Saudiyya. Daga gare ta kuma mu Hausawa muka samu kalmar mallaka kanta. Sura ta 67 a Alƙur'ani, wadda almajirai suke kira Tabaraka, sunanta Suratul Mulk, kuma tana buɗewa ne da cewa mulki a hannun Allah yake. Malam ya tuna mini cewa lokacin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, nasiha a kan abin da ya wajaba ga masu ƙasa, kalmar da ya sa a sunan littafin ita ce muluk, jam'in malik. Ya ƙara da wani abin mamaki, cewa bayin da aka saya aka mayar sojoji, waɗanda suka riƙe Masar daga 1250 zuwa 1517, ana kiransu Mamluk, ma'ana wanda aka mallaka, ga shi kuma su ne masu mulki. Saiwa ɗaya ta haifi sunan ubangida da sunan bawa. Ni kuma a nan ne na lura da abin da nake furtawa tun ina firamare ban taɓa tsayawa a kansa ba: idan muka ce mulkin mallaka, kalma ɗaya muka maimaita sau biyu a riga daban-daban, kamar wanda ya sa wa zamanin Turawa wannan suna ya ji cewa sau ɗaya bai isa ba. Duk inda Bahaushe ya sa wannan kalma, ko mulkin soja, ko mulkin farar hula, ko mulkin kai, ko juyin mulki, yana nufin ƙololuwar iko a kan ƙasa da mutanenta. Mutumin da aikinsa shi ne duba takardun biyan kuɗi yana sa hannu, kuma akwai babban sakatare da minista a samansa, bai taɓa kusantar wannan ba, kuma da na bar jimlar yadda take, da na yi wa Baffa ƙarin girman da shi da kansa zai ji kunyarsa.

Muƙami ita ma Balarabiya ce, amma daga wani gida dabam. Saiwarta ƙaf da waw da mim, wadda ke nufin tsayuwa. Ita ce ta ba mu iƙama da ladani yake yi idan za a tayar da salla, da ranar alƙiyama da matattu za su miƙe, da istiƙama, wato tsayuwa a kan hanya madaidaiciya. Larabci yana da maƙam, wurin tsayuwa, yana kuma da muƙam, wurin zama na ɗan lokaci ko na dindindin, duka daga wannan saiwa. Duk wanda ya yi ɗawafi ya san Maƙamu Ibrahim, dutsen da Annabi Ibrahim ya tsaya a kansa yana ginin Ka'aba, kuma duk wanda ya iya addu'ar bayan kiran salla yana roƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, maƙaman mahmudan, matsayi abin yabo. Manyan ɗalibai a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna karanta Muƙamatul Hariri, zantuka hamsin na wani malamin Basra, waɗanda aka sa wa wannan suna saboda a tsaye a gaban taro ake gabatar da irinsu. Da Malam ya kai nan sai ya ɗauki biro ya rubuta kalma biyu a bayan takardata, muƙami a sama, matsayi a ƙasa, ya ce in duba. Matsayi Bahaushiya ce tsantsa, ma- ta wuri da tsaya, kuma gininta daidai yake da na maƙam, ba ragi ba ƙari. Harsunan biyu sun dubi abu ɗaya sun ga hoto ɗaya: gurbin da ake tsayar da mutum, wanda yana nan kafin ya zo, kuma zai ci gaba da kasancewa bayan ya matsa. Wannan shi ne bambancin da yake nufi. Mai mulki kalmarsa tana cewa abin nasa ne, mai muƙami kuwa kalmarsa tana cewa an tsayar da shi ne a wurin wani aiki. Ya yi murmushi ya ƙara da cewa majalisa kishiyarta ce, domin ita wurin zama take nufi, shi ya sa 'yan majalisa ba sa gajiya.

Sai sarauta, wadda ita ce ta gida. Sarki, sarauniya, sarauta, masarauta, basarake, duka dangi ɗaya ne, kuma ba daga Larabci aka aro su ba. A nan ne na fara saɓa wa Malam, domin shi yana ganin sarki ya fito ne daga sara, wai mai yanke magana ko mai takobi. Ban karɓi wannan ba, na kuwa faɗa masa cikin ladabi: wasalin farko na sara dogo ne, na sarauta gajere, kuma kamanni a rubutun boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali, ba hujja ba ne. Rubutun nan ne fa yake sa gadon da ake hawa da gadon da ake ci su zo da haruffa ɗaya, har mutum ya rubuta gadon sarauta da sarautar gado a layi guda, mai karatu ne zai raba su da kunnensa. Bai ji haushi ba, amma bai janye ba, kuma mai neman aiki a wurin ya san cewa dattijon yana da taurin kai a kan abin da ya riga ya yarda da shi.

Abin da muka yi tarayya a kansa ya fi wannan muhimmanci. A ƙasar Hausa ta da, sarauta ita ce kalmar aikin hukuma, babu wata. Wanda aka naɗa ba suna kawai aka ba shi ba, an ba shi aiki da mutane da garuruwa, kuma sunayen da kansu suna faɗin aikin. Madawaki ko Madaki shi ne mai dawaki, jagoran mayaƙan doki. Magaji daga gado yake, Turaki daga turaka, ita kuwa sarautar da aka ba Baffa, Ma'aji, daga ajiya take, wato mai ajiyar dukiyar masarauta, abin da ya sa duk wanda ya ji labarin ya ce Sarki ya iya zaɓe. Wasu sunayen daga Barno suka zo, irin su Galadima da Ciroma da Yarima, masu ƙarewa da -ma ta harshen Barebari, kuma Galadiman Barno babban basarake ne da ya zauna a Nguru yana tsaron yammacin daular. Waziri da Alƙali da Hakimi daga Larabci suke, Lamiɗo da Arɗo daga Fulatanci. Har sana'o'i ba a bar su ba, ga Sarkin Pawa, ga Sarkin Maƙera, ga Sarkin Aska, ga Sarkin Ruwa, kuma inda duk Hausawa suka yi zango a Kurmi ko a Gwanja sai sun naɗa wa kansu sarki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya soki tsarin sarakunan Haɓe har da sunayen sarautunsu, ya kawo madadinsu daga tsarin Musulunci, wato waziri da alƙali da shugaban 'yan doka da mai karɓar haraji, amma tsofaffin sunayen sun fi ƙarfin a kawar da su, ga su nan har yau a fadojin da jikokin masu jihadi suke zaune.

Mazaunin Abuja ya fi kowa cancantar sanin wannan, domin sunan birnin da kansa na wata tsohuwar masarauta ne. Da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa zuwa Zuba, bayan rasuwarsa kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, suka ci gaba da riƙe sarautun Zazzau na asali yadda suka taso da su. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsayar da shawarar sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, kuma har gobe sarkinsa Sarkin Zazzau ake ce masa. Wato birnin muƙamai aron suna ya yi daga garin sarautu. A tsakanin waɗannan shekaru ne aikin ya zame daga hannun sarauta: a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna suke shugabanta, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, kuma tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba. Baffa zai zama Ma'aji ba tare da an damƙa masa makullin baitulmali ba, alhali lokacin da yake riƙe da makullin gaske a ma'aikata ba wanda ya taɓa yi masa kirari. Harshe dai bai manta ba. Har yau cewa muke yi an naɗa wane minista, ko da yake ba rawanin da aka naɗa masa, sai dai mun raba hanyar fita: basarake murabus yake yi ko a tuɓe shi, ma'aikaci kuwa ritaya yake yi ko a sallame shi.

Da muka zo shafin manyan baƙi, inda aka jera minista da sanata da kwamishina, sai na samu damar rama wa Malam kaɗan daga abin da ya ba ni, kasancewar na taɓa karatun shari'a, inda mutum ba ya rasa cin karo da Latin. Minista a asalinta bara take nufi, mai hidima, daga kalmar da ke nufin ƙarami, kuma kishiyarta ce ta haifi majistare, daga kalmar da ke nufin babba. Sanata daga kalmar tsoho take, don haka wanda ya fara cewa Majalisar Dattawa bai kuskure ko kaɗan ba, ko da kuwa tsarin mulki ya yarda ɗan shekara 35 ya shiga. Ofis, wadda muke ɗauka ɗaki ne mai tebur da na'urar sanyaya wuri, asalinta nauyin da ya rataya a wuyan mutum ne, aikin da ya wajaba ya yi, daga baya sunan ya koma kan ɗakin. Gwamna da gwamnati kuwa sun bi ta Turanci da Faransanci da Latin har zuwa harshen Girka, inda kalmar take nufin tuƙa jirgin ruwa. Malam ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce ashe kowa da abin hawansa yake auna shugabanci. Mutanen teku sun ga matuƙi, Larabawa kuwa doki suka gani, domin siyasa asalinta kiwon doki da horar da shi ne, kuma malaman lugga sun ce saiwar da ta ba mu hukuma da hukunci da hakimi da hikima tana nufin hanawa, har ƙarfen linzami da ke tsayar da doki sunansa daga cikinta yake. Mu ma da muke cewa wane ya karɓi ragamar mulki, ko yana jan akalar jam'iyya, ba mu bar turke ba. Ya so ya cire kalmar ofis daga littafin gaba ɗaya ya sa ma'aikata, na ƙi, domin ofishin Baffa ɗaki ɗaya ne a cikin ma'aikata, kuma kalmar ta zama tamu tun zamanin Razdan da Di'o. A ƙarshe jimlar ta koma cewa Baffa ya riƙe muƙamai daban-daban cikin amana, kuma a inda na rubuta cewa kuɗin ma'aikata suna ƙarƙashin mulkinsa, Malam ya mayar da ita ikonsa, ya ce iko ɗan gida ne, daga iya, kamar yadda farko yake daga fara, kuma ko mai gadi yana da iko a kan ƙofarsa.

Batun aikin bugu kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Farashinsu ya ɗara na shaguna biyu da na tambaya a ƙasa, kuma sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, amma suna ba da rasit ba tare da an roƙa ba, suna kuma turo samfuri ta WhatsApp mutum ya amince kafin su buga. Katin ya fito a ranar da suka yi alkawari, takardar mai kauri, ruwan zinaren da ke gefe bai zuba ba, kuma na ƙirga na samu 300 cif. Littafin jadawali ya yi kyau a ciki, hotuna sun fito sarai, sai dai wajen guda goma an ɗinke su a karkace, aka canza mini su nan take da na nuna. Wanda yake sauri ya lura cewa Malam kwana uku kawai yake zuwa a mako, kuma idan aiki ya iso ranar da ba ya nan, jiransa zai yi.

Allon tagulla ne ya ɓata mini rai, kuma laifin ya zo ne daidai inda ban zata ba. Ashe ba su da injin sassaƙa, wani suke kai wa a waje, abin da ba a gaya mini ba sai da matsala ta faru. Na je karɓa saura kwana shida biki, aka warware takarda, katako ya sha fenti yana ƙyalli, rubutu ya zauna daidai, amma duk haruffa masu ƙugiya sun zube. Muƙami ya koma mukami, naɗi ya koma nadi, ƙasa ta koma kasa, har jimlar da ke yaba wa Baffa a kan yi wa ƙasa aiki ta koma mai iya ɗaukar ma'anar gazawa, ko ma macijiya. Mai sassaƙar kwamfutarsa ba ta da waɗannan haruffa, sai ya sa na kusa da su, ba wanda ya duba kafin ya dasa ƙarfe. Mai wurin ya fara cewa ai kowa zai gane, kuma ka ga allunan ma'aikatu da yawa haka ake rubuta su. Ban kai ga amsawa ba Malam ya taso daga lungunsa, ya ɗauki allon ya juya shi a hannu, ya ce da shi, «Alhaji, wannan ba zai fita daga shagon nan ba.» Sannan ya juyo gare ni ya nuna gurbin ƙugiyar da ta ɓace a muƙami, ya ce wannan 'yar lanƙwasa ita ce takardar shaidar asalin kalmar. Inda Larabci yake da ƙaf, Hausa takan sa ƙ, kamar a alƙali da alƙalami da alƙibla da haƙƙi, inda kuma yake da kaf sai ta sa k, kamar a mulki da hukuma da hikima. Wanda ya cire ƙugiyar ya raba kalmar da danginta, iƙama da alƙiyama. Tun shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a rubutun boko, da su Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 lokacin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, don haka, in ji shi, ba ya karɓar uzurin cewa kwamfuta ce ta kasa.

Sun sake yin allon da kuɗinsu, wannan kam na ba su. Matashiyar ta mayar da rubutun ya zama zane kafin ta tura wa mai sassaƙa, yadda injinsa ba zai iya musanya harafi ba, dabarar da ya kamata a ce an yi ta tun farko. Amma kwana biyun da aka ce mini sun zama huɗu, na yi ta kiran waya ana ce mini gobe, na hau wannan bene mai duhu sau uku, kuma sai ana gobe za mu kama hanya, bayan Magariba, aka miƙo mini shi fentin bai gama bushewa ba, har na ɗauke shi a kan cinyata cikin mota don kada ya manne da kaya. Wanda zai kai musu aikin allo ko kofi ko lambar yabo, ya ƙara mako guda a kan lokacin da suka faɗa, ya kuma nemi a nuna masa hoton abin da aka tura wa mai sassaƙa. Wanda aikinsa takarda ce kawai, musamman idan akwai dogon rubutun Hausa a ciki, ban san wurin da ya kai su a Garki ba, da sharaɗin ya zo ranar da Malam yake nan, ya kuma zo ba ya gaggawa.

Ranar naɗi, bayan an kammala an koma gida, wani tsohon bafade ya karɓi littafin jadawalin ya sa jikansa ya karanta masa tarihin Baffa da ƙarfi a zaure, ina gefe ina sauraro har yaron ya wuce sakin layi na biyu, tsohon bai ce komai ba sai gyaɗa kai. Allon yana rataye yanzu a falon Baffa, tsakanin takardar sallamarsa daga aiki da hoton da aka ɗauke shi da rawani, kuma a kusurwarsa ta hagu akwai shatin babban yatsana a cikin fenti.